Aliyu Namangi: Makahon Da Ya Sa Wa Waƙarsa Sunan Yayewar Ƙunci

Duk wanda ya taɓa zama a tashar mota ta Zariya, ko ta Kano, ko ta Funtuwa, yana jiran mota ta cika, da wuya a ce bai taɓa ganin wani makaho ya matso bakin taga, ɗan jagora na riƙe da kan sandarsa, yana rera wata waƙa mai sanyin kari ba. Sau da yawa fasinja yakan miƙa sadakarsa ya kau da kai, ba tare da ya tambayi mai waƙar ba. To, a mafi yawan lokuta abin da yake ji ɗin baitoci ne daga cikin Waƙoƙin Imfiraji, kuma wanda ya tsara su shi ma makaho ne, wato Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, Allah Ya jiƙansa.

An haifi Malam Aliyu a ƙasar Zazzau cikin shekarar 1894, ya rasu cikin 1990. Ya rasa ganinsa tun yana ƙaramin yaro, a zamanin da ƙyanda da agana ke makantar da yara masu yawa a ƙasar Hausa, babu rigakafi, babu asibiti a kusa. A wancan lokaci hanyoyin da ke gaban yaro makaho kaɗan ne: ko dai ya koyi tufkar igiya, sana'ar da aka san makafi da ita, ko kuwa ya shiga bara a ƙarƙashin Sarkin Makafin garinsu. Shi kuwa sai ya kama hanyar karatu. Abin da sauran almajirai ke dubawa a allo, shi da kunne yake ɗauka ya ajiye a ka, har ya zama malami mai ilmin addini da Larabci.

In aka dubi tsawon rayuwar nan tasa, shekara casa'in da 'yan kai, za a ga babu irin wahalar da ba ta ratsa ƙasar ba yana raye. Yana yaro Turawa suka shiga Zariya a 1902. Ya ji yunwar 1913 zuwa 1914, ya ji annobar murar nan ta 1918 wadda aka yi wa laƙabi da Marisuwa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya same shi da furfura, haka kuma farin 1973 da ya ƙarar da dabbobi a Arewa da ƙasar Nijar. Mutumin da ya sha duk wannan a cikin duhu, da ya yi waƙar kuka da zamani babu mai ganin laifinsa.

Amma sunan da ya zaɓa wa babban aikinsa ya isa ya nuna inda zuciyarsa ta dosa. Kalmar imfiraji daga Larabci take, ma'anarta kuwa ita ce buɗewar abin da ya ƙuntata, ko yayewar baƙin ciki. Daga wannan tushe ne aka sami sunan Munfarija, ƙasidar da Ibnun Nahwi, malamin nan na Afirka ta Arewa da ya rasu a 1119, ya tsara, wadda ake karantawa a lokacin tsanani. Haka nan labarin Burda sananne ne a zaurukan malamanmu: an ruwaito cewa Busiri na Masar ya tsara ta ne yana kwance, shanyewar jiki ta kama shi, ya mai da jinyarsa yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ke nan Malam Aliyu ya tarar da al'adar mai da wahala waƙa a shimfiɗe. Abin da ya yi shi ne ya kawo ta cikin Hausar da mai tallar goro da mai faskare za su fahimta ba sai an yi musu fassara ba.

A nan ne hikimarsa ta fi fitowa fili. Masu nazarin adabin Hausa sun nuna cewa karin Imfiraji ba daga littafi ya ɗauko shi ba, daga Caji ne, wani kiɗa na nishaɗi da ya yi tashe a tsakanin samari da 'yan mata, wanda malamai ke ƙyama. Wani malamin da hani zai tsaya, ya yi ta faɗa a masallaci, matasa kuwa su ci gaba da abinsu. Shi sai ya lura cewa abin da ya kama zukatan mutane karin ne, ba kalmomin ba, don haka ya karɓe karin ya zuba masa wa'azi da begen Manzo. Yau Caji sai a bakin masu bincike, Imfiraji kuwa har gobe ana rera ta.

Waƙoƙin ƙwar biyar ne, wato kowane baiti yana da ɗango biyar, kuma guda tara ne aka fi sani a buge, waɗanda aka wallafa a Zariya, suka shiga makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai da jami'o'i. Ya kamata ɗalibin da ke kuka da yawan haddar jarrabawa ya tsaya ya yi tunanin yadda aka yi su. Mawaƙi mai ido yakan rubuta ɗango, ya soke, ya gyara, ya ajiye takarda ya dawo gobe. Makaho ba shi da wannan gata. Dole ya riƙa juya baiti a zuci, yana auna shi da murya har ya zauna daram, ya riƙe shi tare da ɗaruruwan 'yan'uwansa, sa'an nan ya sami mai alƙalami ya shifta masa. Wannan aiki ba ya yiwuwa ga zuciyar da ke tafasa. Mai neman kalmar da za ta cika kari kuma ta dace da amsa-amo, tilas ya ajiye damuwarsa a gefe na ɗan lokaci, kamar yadda mai ɗinkin hula ba ya iya ƙirga zare yana faɗa da maƙwabci. Watakila wannan na daga cikin dalilan da suka sa waƙar ke kwantar da hankalin mai saurare: a natse aka ƙera ta.

Akwai masu ganin cewa Imfiraji ba kome ba ce face tsoratarwa da mutuwa da kabari da hisabi. Gaskiya ne waɗannan suna ciki, kuma bai sassauta ba wajen zana su, haka nan bai raga wa mashaya da 'yan caca da masu cin amana ba. Amma wanda ya tsaya nan ya karanta rabi ne. Abin da ya fi yawa a bakin Malam Aliyu shi ne godiya ga Ubangiji da ƙaunar Annabi da ɗokin ganin Madina, har ma yana da wata waƙa da ya kira Tsarabar Madina. Ba ya ɓoye makantarsa, ba ya kuma mai da ita abin neman tausayi. Ga shi da raha. Waƙar Keke, wadda ya yi a kan dokin ƙarfen da ya shigo ƙasar a zamaninsa, ta isa shaida cewa mutumin ya iya dariya, har da yi wa kansa.

Ba shi kaɗai ne ya bi wannan tafarki ba. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello marsiyya bayan rasuwarsa a 1837. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, mai Tabarƙoƙo, mawaƙi ne da ya ɗanɗani mulki ya kuma ɗanɗani rabuwa da shi, don Turawa sun tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1924. Malam Sa'adu Zungur ya yi shekaru yana fama da ciwo kafin rasuwarsa a 1958, bai kuwa ajiye alƙalami ba. Sai dai waɗannan duk 'ya'yan manyan gidaje ne na sarauta ko na malanta, sun kuma ga takarda da idonsu.

Ma'aikacin da albashi ke ƙare masa kafin tsakiyar wata, da ɗalibin da ke kwana da tunanin kuɗin makaranta, ba za su sami hatsi ko kuɗin haya a cikin Imfiraji ba, mai ita ma bai yi musu wannan alkawari ba. Abin takaicin dai shi ne da yawa daga cikinsu sun san littafin ne a matsayin abin da ake haddacewa don cin jarrabawar Hausa, a jefar da shi bayan an fito daga ɗakin. Waƙar kuwa ba don ido aka yi ta ba. Wanda ya karanta ta shiru kamar takardar ofis bai ji ta ba tukuna, sai ya ɗaga murya ya rera, ko ya saurari masu rerawa irin su Fauziyya Sarki Abubakar, wadda muryarta ta kai baitocin gidajen da littafin bai taɓa shiga ba.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta karrama shi da digirin girmamawa na dakta, shi ya sa ake rubuta Dakta Aliyu Namangi a bangon littattafai. Ɗalibai sun rubuta kundaye a kan salonsa da hikimarsa, wasu sun zama shaihunan malamai ta dalilinsa. Makafin tasha kuwa, waɗanda suka fi kowa yaɗa waƙoƙin daga gari zuwa gari, yawancinsu ba su taɓa taɓa littafin da hannu ba. Daga bakin na gaba da su suka ɗauka, kamar dai yadda shi ma ya ɗauki karatunsa.