Masu fakewa da Steve Jobs don gudun makaranta

Akwai wata magana da ta ishe ni a bakin matasanmu, a majalisa da kuma a Facebook. Wai boko ɓata lokaci ne, tunda Steve Jobs da ya kafa kamfanin Apple bai gama jami'a ba, amma ya tara dukiyar da farfesa bai taɓa mafarkinta ba. Yaro ya faɗi jarabawa sau ɗaya, sai ya ɗauko sunan mutumin nan ya kare kansa da shi. Har akwai masu matsa wa iyaye a ba su kuɗin rajista su ja jari.

An haifi Jobs a birnin San Francisco na Amurka a 1955. Mahaifinsa, Abdulfattah Jandali, ɗan Siriya ne, amma Paul da Clara Jobs ne suka riƙe shi tun yana jinjiri. Mahaifiyarsa ba ta yarda ta sa hannu a takardar riƙon ba sai da suka yi mata alkawarin kai shi jami'a. Gaskiya ne ya shiga kwalejin Reed a 1972, ya janye bayan wata shida, saboda kuɗin makarantar na cinye ɗan abin da mariƙansa suka tara. Abin da masu yaɗa labarin suke tsallakewa shi ne, bai bar harabar makarantar ba. Ya ƙara kusan shekara ɗaya da rabi yana shiga aji ba rajista, yana kwana a ƙasa a ɗakin abokai, yana mayar da kwalaben lemo a ba shi 'yan kwabbai ya sayi abinci. A nan ya koyi ƙawata rubutu, darasin da ya ce shi ya sa haruffan kwamfutar Macintosh ta 1984 suka fita daban. Don Allah, da wannan mutumin malalaci zai kafa hujja?

Sannan ba shi ya ƙera kwamfutar Apple ta farko ba. Aikin Steve Wozniak ne, ɗan injiniya, wanda yake aiki a kamfanin Hewlett-Packard lokacin da suka kafa Apple a 1976. Shi Wozniak ɗin ma, bayan ya yi kuɗi, sai da ya koma jami'ar Berkeley ya ƙarasa digirinsa. Jarin da ya ɗaga kamfanin kuwa daga Mike Markkula ya zo, tsohon ma'aikacin Intel, da ya samar musu dala 250,000. Jobs ya tashi ne a unguwar da maƙwabta injiniyoyi ne. Yana ɗan yaro ya buga wa Bill Hewlett na kamfanin Hewlett-Packard waya yana neman kayan haɗa na'ura, ya samu kayan har da aikin hutu. Kai da ke Gusau ko Maraɗi, wa za ka buga wa? Bill Gates da Mark Zuckerberg da ake haɗawa a lissafin, Harvard suka bari, kuma kowannensu yana da aikin da ya riga ya kama kafin ya fita. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Baiwar Jobs ita ce sanin abin da mai saye zai so, da nacin a sauƙaƙa na'ura har tsoho ya iya sarrafa ta. Ma'aikatansa sun sha wuyar zafin halinsa. A 1985 rikicin shugabanci ya fitar da shi daga kamfanin da ya kafa, ya je ya kafa NeXT, ya sayi Pixar, ya dawo a 1997 Apple na dab da durƙushewa. Daga nan iPod ta fito a 2001, iPhone a 2007. Ya rasu a 2011 yana da shekara 56, da ciwon dajin da ya yi wata tara yana ƙin a yi masa tiyata saboda shi. Wanda ya gaje shi, Tim Cook, injiniya ne mai digiri biyu.

Na san yajin aiki da zaman kashe wando bayan bautar ƙasa sun kashe wa mutane gwiwa. Maganin wannan shi ne a haɗa karatu da sana'a. Idan kana makaranta, ka riƙe lissafi da Turanci da kyau, domin ba mai rubuta manhaja ba tare da su ba. Lokacin hutu ka je kasuwar waya irin Farm Centre ta Kano ka zauna gaban mai gyara, ka koyi buɗe waya da riƙe ƙarfen liƙi. Datar da kake ƙonawa a kallon rigimar 'yan fim, ka raba ta biyu, rabi ya tafi darasin kwamfuta, ga su nan kyauta a intanet. Ka nemi abokin da ya fi ka iya abin, ku yi aiki tare. Kada ka ajiye karatu sai kana da masu biyan ka kuɗin aikinka wata bayan wata, kuma ka yi shawara da manya.

Ku kuma iyaye, duk yaron da ya zo muku da labarin Steve Jobs, ku ce ya nuna muku abin da ya ƙera da hannunsa. In babu, ya ɗauki jakarsa ya koma aji.