Yadda Ake Dafa Kaza a Gida a Ci da Daɗi da Lafiya

Da wuya a shiga gida a karkara ba a ga kaji suna kiwo a tsakar gida ba. Kaza dukiyar talaka ce. Ana sayar da ita a biya ƙaramar bukata. Ana yanka ta idan an yi baƙo, ko ranar salla, ko ranar cika-ciki. Ana yi wa mai jego farfesunta. Ana yanka wa yaran da aka yi wa kaciya. Ango ma yakan shiga ɗakin amaryarsa da kazar amarci. Hausawa sun ce sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Ba kullum ake yanka kaza ba. Don haka ranar da aka yanka ya kamata a dafa ta yadda za a ji daɗinta, kuma kowa ya samu rabonsa. Kazar da ba a kula da aikinta ba tana iya kwantar da mutanen gida da ciwon ciki.

Wace kaza za a yanka?

Kaji iri biyu ake samu. Akwai kazar gida, wadda ke yawo tana neman abincinta. Takan yi wata 5 zuwa 6 kafin ta isa yanka. Namanta yana da tauri, amma romonta ya fi ɗanɗano. Ita ta dace da farfesu da miya da dambu. Akwai kuma kazar gidan gona, wadda ake kiwo don nama. Ita a mako 6 zuwa 8 take isa yanka. Namanta yana da laushi, yana nuna da wuri. Ta fi dacewa da suya da gashi. Idan aka daɗe ana dafa ta sai ta dagargaje.

Kowace iri ce, a zaɓi lafiyayya. Lafiyayyar kaza idonta a buɗe yake, tana kazar-kazar, gashinta a kwance. Wadda ta takure wuri ɗaya, ta saki fikafikai, tana gyangyaɗi ko zawo, ko majina na fita daga hancinta, ba ta da lafiya.

Wasu sukan yi saurin yanka kaza da zarar ta fara ciwo don kada a yi asara. Wannan yana da haɗari. A shekarar 2006 aka fara gano murar tsuntsaye a Nijeriya, a wata gonar kaji a Jihar Kaduna. A 2007 cutar ta kashe wata mata a Legas. Mutum yakan ɗauke ta wajen yanka da figar kaza mai ciwo. Idan kaji suna mutuwa da yawa a lokaci ɗaya, kada a yanka sauran don ci. A binne matattun a rami mai zurfi, a sanar da malamin dabbobi.

Haka kuma kazar da ake ba magani, ba a yanka ta sai kwanakin da aka rubuta a jikin takardar maganin sun cika. Kafin nan sauran maganin yana cikin namanta.

Gyaran kaza

Bayan yanka, a bar jinin ya tsiyaye sosai. A tsoma kazar cikin ruwan zafi na ɗan lokaci, sannan a fige. Idan ta daɗe a ruwan, fatar za ta saɓule. A ɗan babbaka ta a wuta don ƙananan gashin su ƙone. Wannan yana ƙara mata ƙanshi.

Wajen fasa ciki a bi a hankali. Kada wuƙa ta huda hanji, domin a nan ƙwayoyin cuta suka fi yawa. A jikin hanta akwai matsarmama, 'yar jaka koriya. A yanke ta a jefar. Idan ta fashe, naman zai yi ɗaci. A tsaga ƙundu, a zubar da abin da ke ciki, a ɓare fatar cikinsa.

A wanke naman nesa da randar ruwan sha da kwanukan abinci. Ruwan wankin a zuba shi a rami, kada a watsa a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Daga nan a wanke hannu da sabulu. A wanke wuƙa da faranti ma. Wuƙar da ta yanka ɗanyar kaza ba a yanka tumatir ko albasar kwaɗo da ita sai an wanke ta. Kwanon da aka zuba ɗanyen nama ba a mayar da dafaffe cikinsa.

Dalili shi ne ɗanyar kaza, ko da lafiyayya ce, takan ɗauki ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Ɗaya daga cikinsu ana kiranta Salmonela. Tana sa zawo da amai da zazzaɓi da murɗar ciki. Ciwon yakan fara tsakanin awa 6 zuwa kwana 3 bayan cin abincin. Shi ya sa mutane da yawa ba sa gane cewa daga naman ne. Wuta tana kashe waɗannan ƙwayoyi idan nama ya dahu har ciki.

Farfesun kaza

Kayan haɗi: kaza 1, albasa 2, attaruhu 3, tafarnuwa, citta, kanumfari, masoro, kimba, daddawa da gishiri.

A yanka kazar gunduwa-gunduwa. A zuba a tukunya da yankakkiyar albasa 1 da gishiri da dakakkiyar citta da tafarnuwa. Kada a zuba ruwa tukuna. A rufe, a ɗora a wuta kaɗan na kamar minti 10. Naman zai fitar da ruwan jikinsa, kayan ƙanshi su shige shi. Masu zuba ruwa tun farko su ne ke samun romo salam.

Bayan haka a zuba ruwa ya ɗan rufe naman. A sa jajjagen attaruhu da ɗaya albasar, da daddawa, da dakakken kanumfari da masoro. A fasa kimba 1 ko 2 a jefa. Kanumfari da kimba kaɗan ake sawa, domin idan sun yi yawa suna sa ɗaci. A rage wuta. Kazar gida takan ɗauki awa 1 ko fiye. Ta gidan gona minti 30 zuwa 40 ya ishe ta. Farfesu ba ya bukatar mai, kitsen kazar ya wadatar.

Ana shan sa haka nan, ko da gurasa, ko burodi, ko a zuba a kan shinkafa. Marar lafiyar da bakinsa ya ƙi abinci yakan karɓi romon farfesu.

Miyar gyaɗa da kaza

Wannan ita ce dabarar gida mai mutane da yawa. Kaza ɗaya a cikin miya tana iya zagaya mutum 10.

A tsince gyaɗa cikin gwangwanin madara 2. Duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi baƙi a zubar da ita, domin tana da dafin da ke lalata hanta, kuma dahuwa ba ta kashe shi. A ɗan soya gyaɗar sama-sama, a murje, a daka ta yi laushi.

A tafasa kazar kamar yadda aka fara farfesu. A wata tukunya a soya albasa da mai kaɗan, a zuba markaɗen tumatir da tattasai da attaruhu. Idan sun soyu, a juye romon kazar a ciki. A dama gyaɗar da ruwa a zuba, a riƙa juyawa don kada ta kama. Idan mai ya taso sama, gyaɗar ta nuna. Sai a zuba naman da daddawa. A ƙarshe a sa alayyahu ko zogale, a ba shi minti 5 a sauke. Ganye idan ya daɗe a wuta amfaninsa yana raguwa. Ana ci da tuwon shinkafa ko na masara ko na dawa.

Dambun kaza

Dambu shi ne hanyar ajiye nama a inda babu firiji. A dafa kazar da albasa da citta da gishiri har ruwan ya tsotse, naman ya saki ƙashi. A cire ƙasusuwan duka, har ƙanana. A zuba tsokar a turmi mai tsabta a kirɓa ta warware kamar zare. A sa mai kaɗan a kasko, a zuba naman da yaji, a riƙa juyawa a wuta kaɗan har ya bushe ya yi ja.

Bushewar ita ke sa ya daɗe. Idan da sauran danshi, zai lalace da wuri. A bar shi ya huce sarai kafin a zuba a kwano mai murfi. A riƙa ɗiba da busasshen cokali. Dambun da ya soyu sosai yakan yi kwanaki. Guzuri ne mai kyau ga matafiyi da ɗalibin makarantar kwana.

Suya da gashi

Kazar gida sai an tafasa ta kafin a soya, in ba haka ba za ta yi tauri. A tsane ta daga romo, a soya a mai mai zafi har ta yi ja. Romon kada a zubar. A dafa shinkafa ko miya da shi.

Idan gashi za a yi, a tsaga kazar ta baje. A shafa mata mai da gishiri da garin ƙuli-ƙuli da yaji. A gasa a kan garwashi, a riƙa juyawa. Harshen wuta yana ƙona bayanta alhali cikinta ɗanye ne. A tsattsaga cinya da ƙirji don zafi ya shiga.

Yaya ake gane ta nuna?

A duba cinya, domin ita ce ke nuna a ƙarshe. A tsaga ta har ƙashi. Idan an ga jini, ko ruwan da ya fito yana da ja-ja, a mayar da ita wuta. Idan ruwan fari ne tas, tsokar kuma ta daina sheƙi irin na ɗanyen nama, ta nuna.

Abin da ya rage

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada a bar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye bayan ya huce. A lokacin zafi ƙwayoyin cuta suna saurin hayayyafa a cikin nama da romo. Abin da ya fi shi ne a dafa daidai wanda za a cinye. Idan ya rage, a rufe tukunyar a bar ta a kan garwashi da zafinta. Kafin a ci a sake tafasa shi sosai, yana ɓararraka. Ɗan ɗumi kawai bai isa ba. Wanda ya canza wari ko ya yi yauƙi, a zubar.

Idan wani ya kamu da zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari. A samu tafasasshen ruwa lita 1 da ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Idan yaro ne ko tsoho, ko an ga jini a bayan gida, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.

Rabon nama

A gidaje da yawa, cinya da ƙirji na maigida ne da baƙi. Yara sai kai da ƙafa da wuya. Girmama babba abu ne mai kyau. Amma jikin yaro shi ne ke girma, shi ya fi bukatar abinci mai gina jiki. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya sun tsumbure. A shiyyar Arewa maso Yamma adadin ya kai 57 cikin 100. Rashin abinci mai gina jiki yana cikin manyan dalilai.

Daga wata 6 yaro yana iya cin naman kaza tare da nonon uwa. A ɗebar masa kafin a sa yaji. A murtsuke tsokar ta yi laushi, a duba da kyau kada ƙaramin ƙashi ya maƙale masa. Hantar kaza tana ƙara jini, tana taimakon ido. A ajiye wa ƙananan yara ita. Mai jego ma a ba ta tsoka sosai tare da romon. Uwargidan da ta yi wahalar girki ita ma a fitar mata da nata tun kafin a kai kwanuka waje, domin sau da yawa ita ce ke tashi da ƙashi.

Daɗin abinci

Daɗin kaza yana farawa tun tana kan wuta. Ƙanshin citta da daddawa yana tsallaka katanga, yara suna ta kewaya murhu. Kowa da inda ya fi so. Wani fiffike, wani ƙundu, wani kuma ƙanzon shinkafar da ta sha romo. Tsoho da ba shi da haƙori yakan ji daɗi idan aka tuna da shi aka kai masa tsoka mai laushi. Kwanon da aka aika wa maƙwabta yakan dawo wata rana da wani abin a ciki.

Mai girki ma tana da nata jin daɗin. Shi ne ta ga kwano ya dawo wayam, ta ji an ce sannu da aiki, Allah ya yi albarka. Bai kamata maigida da yara su manta da wannan kalma ba.

Duk wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kayan ƙanshin suna nan a kasuwar ƙauye, zogale yana bayan gida. Gidan da ya yi wa kajinsa rigakafi kafin hunturu, lokacin da annobar kaji ta fi yawa, ba zai rasa ta yanka ba idan baƙo ya sauka ko salla ta zo. Ana samun maganin rigakafin wajen malaman dabbobi na ƙaramar hukuma.