Me ya sa kayan Golf ke shiga Audi?

Wanda motarsa ta taɓa kwana a garaji a Maraɗi ko Damagaram saboda rashin kayan gyara, wannan bayani nasa ne. Golf, Audi, Skoda da Seat duk ƴan gida ɗaya ne, wato kamfanin Volkswagen na Jamus. Injiniyoyinsa sukan zana ƙashin mota guda, ƙafafu da birki da mazaunin inji, sannan kowane iri ya sa masa tasa riga. Haka suke rage kuɗin ƙira. Golf 4, wadda ta fito a 1997, ƙashinta ɗaya da Audi A3 da Skoda Octavia na lokacin.

Amma a yi hattara, jama'a. Kama da wane ba ta wane. Birkin mai babban inji ya fi girma, ko da sunan motar ɗaya ne, kuma birki ba wurin gwaji ba ne. Mu dai shawararmu, a duba lambar da ke jikin tsohon ƙarfen. Ƴan uwa na waje masu aiko mana da kaya, ku nemi hoton lambar nan ta WhatsApp kafin ku biya.