Koyar da Tushen Labarin Ƙasa a Koleji: Misalin Ƙasar Matamaye

1. Gabatarwa

Yaron da ya shiga ajin farko na koleji, wanda a Nijar ake kira sizyam, yakan tarar da darasin labarin ƙasa a rabe gida biyu. Kashi na farko shi ne labarin ƙasa na halitta (géographie physique), mai magana a kan shimfiɗar ƙasa da yanayi da ruwa da itatuwa. Kashi na biyu kuwa shi ne labarin ƙasa na jama'a (géographie humaine), mai magana a kan yawan mutane da mazauninsu da sana'o'insu da tafiye-tafiyensu. Sau da yawa yaro kan haddace ma'anonin nan da Faransanci, ya zuba su a takardar jarrabawa, amma in aka tambaye shi dalilin da ya sa rijiyar kwari ta fi ta tudu kusa, sai ya ɗauka wannan ba tambayar makaranta ba ce.

A cikin wannan takarda za mu bayyana wasu ma'anoni na tushe, muna masu ɗaukar misalanmu daga garin Matamaye da kewayensa, a jihar Damagaram. Abin da muke son nunawa shi ne cewa kasusuwan biyu ba su rabuwa: ruwa da ƙasa su suka tara jama'a a wurin, ita kuma jama'ar ta sake wa wurin kama.

2. Matsayi da taswira

Tambayar farko a labarin ƙasa ita ce: a ina? Ɗalibi ya riga ya san kusurwowi huɗu, wato gabas da yamma da kudu da arewa, tun kafin ya shiga lakol, domin da su ake kwatancen gona, da su ake tsai da alƙibla. Daga Matamaye, alƙibla tana gabas ne da ɗan karkata zuwa arewa.

Abin da makaranta ke ƙara masa shi ne layukan da masana suka zana a kan hoton duniya. Layukan kwance (latitude) suna auna nisan wuri daga layin da ya raba duniya biyu (équateur). Layukan tsaye (longitude) suna auna nisansa daga layin da ya ratsa Girinic, a Ingila. Matamaye tana wajen digiri 13 da rabi a arewa, da digiri 8 da rabi a gabas.

Akwai hanya mai sauƙi ta nuna wa yara amfanin waɗannan lambobi. Duniya tana juya digiri 360 cikin awa 24, ke nan digiri ɗaya cikin minti 4. Yamai tana wajen digiri 2 a gabas, kuma kusan layin kwance ɗaya take da Matamaye. Tsakanin garuruwan biyu akwai digiri 6 da ɗoriya, saboda haka rana takan faɗi a Matamaye kimanin minti 25 kafin ta faɗi a Yamai. Duk yaron da ya taɓa yin azumi ya san mutanen gabas sukan riga na yamma shan ruwa. Yanzu sai ya san dalili.

Ita kuwa taswira, hoton ƙasa ce da aka ƙanƙanta bisa ma'auni (échelle). A taswira mai ma'aunin 1/200,000, santimita ɗaya tana tsaye ne a madadin kilomita 2. In ƙauyuka biyu suna da tazarar santimita 5 a takarda, to tafiyar kilomita 10 ce a ƙasa. Kafin a buɗe taswirar Nijar, ya kyautu yara su fara zana ta filin makarantarsu, suna aunawa da taki.

3. Yanayi

Wajibi ne a rarrabe tsakanin halin da sama take ciki a yini guda (temps) da yanayin ƙasa (climat), wanda ake samu ta hanyar haɗa awon shekaru da yawa, galibi 30. Damina ɗaya mai albarka ba ta sauya yanayi, haka nan fari na shekara ɗaya.

Hausa ta riga ta raba shekara: damina daga wajen Yuni zuwa Satumba, sai kaka, sai ɗari, sa'an nan bazara mai tsananin zafi daga Maris zuwa Mayu. Abin da ke juya waɗannan lokuta shi ne ja-in-ja tsakanin iskoki biyu. Ta farko busasshiya ce, tana fitowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara da ƙura: ita ce iskar hunturu. Ta biyu mai laima ce, tana tasowa daga tekun Atlantika, ta kudu maso yamma. Mahaɗarsu tana hawa arewa a bazara, ta koma kudu a kaka. Muddin mai laimar ce ke bisa gari, ana cikin damina.

A nan ɗalibi mai lura zai ce: ai hadari daga gabas yake tasowa. Gaskiyarsa. Iskar kudu maso yamma tana kawo laima ne a ƙasa-ƙasa, amma can sama akwai wata iska mai tura gizagizai daga gabas zuwa yamma. Bai kamata malami ya kashe wannan tambaya ba, don daga irinta ilimi ke farawa.

Ana auna ruwan sama da milimita. Milimita ɗaya tana nufin lita ɗaya ta zuba a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Ƙasar Matamaye takan sami milimita 500 zuwa 600 a matsakaiciyar shekara, wato fiye da birnin Damagaram, ƙasa da Kano, kuma ninkin na Agadas sau da yawa. A taƙaice, duk sa'ad da mutum ya yi arewa, ruwa raguwa yake yi. Sai dai manomi bai dogara ga jimilla kaɗai ba: in ruwa ya ɗauke mako uku bayan shuka, ko da jimillar shekara ta cika, sai an sake shuka.

4. Shimfiɗar ƙasa da ruwa

Ƙasar Matamaye shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da manyan duwatsu. Duk da haka tana da tudu da kwari, kuma manoma sun ba kowace irin ƙasa sunanta. Jigawa rairayi ce mai sauƙin noma, mai shanye ruwa da sauri, ta dace da hatsi da wake da gyaɗa. Geza ta fi tauri, ruwa kan gudu a kanta. Fadama kuwa tana cikin kwari, tana da laka, tana riƙe damshi har cikin rani.

Babban kwarin yankin shi ne na Korama. Ba kogi ba ne mai gudu duk shekara irin kogin Kwara. Tsohuwar hanyar ruwa ce tun zamanin da sama ta fi ta yau zubarwa, yanzu ta zama jerin tabkuna da fadamu. Gangarenta yana cikin babban kwarin Tabkin Cadi. Can yamma kuwa, ta wajen Tasawa da Maraɗi, Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi sun nufi Kwara. Da wannan za a gane ma'anar magudana (bassin versant), wato dukan filin da ruwansa ke gangarawa wuri ɗaya.

Ruwan da jigawa ta shanye bai ɓata ba. Yana nitsewa har ya iske ƙasar da ba ya iya ketawa, sai ya taru: shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa (nappe). A kwari yana kusa, mita kaɗan a same shi. A tudu sai an yi zurfi. Ga amsar tambayar rijiya ke nan da muka fara da ita. Kuma ga dalilin da ya sa garake suka jeru a bakin Korama, inda ake noman rake da rogo da albasa da tumatir da sauran kayan lambu bayan an gama aikin kaka.

5. Yawan jama'a da cunkoso

Daga nan za mu tsallaka zuwa kashi na biyu. Matamaye ita ce cibiyar gundumar Kance (Kantché), mai ƙananan hukumomi 9: Matamaye, Kance, Ɗan Barto, Dawce, Dungu, Ishirnawa, Kurni, Tsauni da Yawuri. Ƙidayar 2012 ta sami mutum kusan 400,000 a gundumar, cikin mutum 17,138,707 na ƙasa baki ɗaya.

Yawan jama'a daban, cunkoso (densité) daban. Cunkoso shi ne yawan mutane a raba da faɗin ƙasa. Nijar tana da murabba'in kilomita 1,267,000, don haka a 2012 kowace murabba'in kilomita ta tashi da mutum 13 zuwa 14. Amma wannan matsakaici yana ɓoye gaskiya. Jihar Agadas, wadda ta ɗauke fiye da rabin faɗin ƙasar, ba ta kai mutum ɗaya a murabba'in kilomita ba. Gundumar Kance kuwa ta haura mutum 150. In aka ɗora taswirar ruwan sama a kan ta cunkoso, yara za su ga da idonsu cewa jama'a ta bi ruwa.

Ƙidayar ta kuma nuna cewa jama'ar Nijar tana ƙaruwa da kashi 3.9 cikin ɗari a shekara. Da irin wannan ƙaruwa, yawan mutane kan ninka cikin kimanin shekara 18, gona kuwa ba ta ninkawa. Alal misali, a ce mutum ya bar gona mai hekta 8, ƴaƴa huɗu suka raba daidai, kowa ya sami 2; in aka sake irin wannan rabo, jikoki za su tashi da rabin hekta. Shi ya sa saura, wato gonar da ake bari ta huta, ta yi wuyar gani a yankin, makiyaya kuma suna fama da ƙuncin burtali.

6. Gawo: inda halitta da aikin mutum suka haɗu

Littattafai sukan ce cunkoso yana cinye daji. Ƙasar Matamaye ta nuna maganar ba kullum take haka ba. Bayan farin 1973-1974 da na 1984-1985, gonaki da yawa sun zama fayau, iska tana kwashe ƙasa, tana binne shuka. Daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka shiga barin tohon itatuwa a lokacin sassabe, suna zaɓen rassa masu ƙarfi, suna rage sauran. Ana kiran wannan dabara sassaben zamani. Binciken da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya kiyasta cewa ta shafi wajen hekta miliyan ɗaya a ƙasashen Magarya da Matamaye da Mirriya.

Itacen da ya fi yawa shi ne gawo (Faidherbia albida), kuma halinsa saɓanin na sauran itatuwa ne: yana zubar da ganye da damina, ya tofo da rani. Saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, ganyensa taki ne, ƴaƴansa abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Tun a ƙarni na 19, in ji masu ba da tarihi, sarakunan Damagaram sun hana saransa. Sai a tambayi ɗalibai: gonar da ke cike da gawo, a wane kashi na darasi za a sa ta? Itacen halitta ne, amma hannun manomi ne ya tsai da shi.

7. Iyaka da ƙaura

Iyaka layi ne da mutane suka shata. Wadda ke kudu da Matamaye ta samo asali ne daga yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1898 da 1904 da 1906, aka kuma kafa alamunta tsakanin 1906 da 1908. Jigawa da damina da harshe duk ɗaya ne a ɓangarorin biyu. Hanyar da ta taso daga Takeita ta ratsa Matamaye da Ɗan Barto, ta nufi Daura da Kano, kuma a kasuwannin yankin Naira tana yawo tare da Sefa. Lokacin da aka rufe iyakar a 2019, da kuma a 2023, ƴan kasuwa da masu saye sun ji a jikinsu cewa layin da ido ba ya gani yana da nauyi.

Ƙaura (migration) iri-iri ce. Akwai cin rani, inda mutum ke tafiya bayan kaka ya komo kafin shuka. Akwai tafiyar shekaru. Akwai ta dindindin. Kowace tana da abin da ke korar mutum daga gida da abin da ke jawo shi can. Ƙasar Kance ta yi suna da tafiyar mata da yara zuwa Aljeriya. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada, arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta kashe su. A cikinsu 52 yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu daga ƙasar Kance suka fito.

A nan muna jan hankalin malami. A cikin ajinsa ba za a rasa wanda uwarsa ko yayarsa ta yi wannan tafiya ba. Aikin darasi shi ne bin dalilai a tsanake, ba tare da zargi ba: ƙanƙancewar gona, hatsin da ba ya kai wa wata damina, ƙarancin sana'a a rani, da labarin abin da waɗanda suka riga tafiya suka komo da shi. Ruwa da ƙasa da cunkoso sun bayyana wani sashe na al'amarin, ba dukansa ba, tun da akwai wurare masu cunkoso da ba su bi wannan hanya ba.

8. Kammalawa

Mun bi ma'anoni daga matsayi zuwa yanayi, daga ruwa zuwa cunkoso, daga cunkoso zuwa gawo da ƙaura, kuma kowace ta jingina ga wadda ta gabace ta. Shawararmu ga malamai uku ce. A fara kowane darasi da kalmar da yaro ya zo da ita daga gida, kamar jigawa ko fadama ko cin rani, kafin a ba shi ta Faransanci. A kafa ma'aunin ruwa a filin makaranta, yara su riƙa rubuta abin da ya zuba. Sa'an nan, ko sau ɗaya a shekara, a fita da aji daga tudu zuwa kwari, a auna igiyar rijiyoyi biyu ko uku, a ƙirga gawon gona ɗaya. Yaron da ya iya karanta ƙasar garinsu ba zai sha wuyar karanta taswirar Afirka ba, kuma shi ne gobe zai yanke shawara a kan gonar gado da rijiya da tafiya.