Ba Kan Yaron Ne Ya Toshe Ba

Duk ƙarshen zangon karatu, in an raba sakamakon jarabawa, akwai hukuncin da ake yankewa a gidaje da dama a Sabon Gari da Limawa da Kpakungu da sauran unguwannin Minna, ba tare da an saurari wanda ake tuhuma ba. Uba ya duba takarda, ya ga ɗansa ya zo na arba'in da wani abu, ya ce, "Wannan kansa ba ya ja." Uwa ta ce ai dangin uba ya biyo. Daga nan sai a shiga shawarar kai shi garejin kanikawa ko shagon ɗinki, alhali ko shekara goma bai cika ba. Sana'a ba abin raini ba ce. Hukuncin ne abin dubawa, domin abin da masu nazarin ƙwaƙwalwar yara suka gano a cikin shekaru ɗari da suka wuce yana nuna cewa sau da yawa zalunci ne.

Mai shakka ya tsaya ɗan lokaci kusa da yarinyar da ke tallar awara a bakin Kasuwar Kure. A ce guda naira 50. Mutum ya ɗauki bakwai, ya miƙa mata naira 500. Ba ta neman biro. Za ka ji ta ƙasa-ƙasa tana cewa, "Biyu ɗari, huɗu ɗari biyu, shida ɗari uku, da hamsin." Sai ta ɗora hamsin ta cike ɗari huɗu, ta ƙara ɗari, ta miƙo canjin 150, rabin hankalinta kuma yana kan mai a kasko. Washegari a aji malami ya rubuta 50 × 7 a allo, ya ce a ɗebe amsar daga 500. Yarinyar nan sai ta yi zuru, ko ta jera lambobi ta fito da canjin da ya fi kuɗin da aka ba ta.

Haka abin yake har a wasu ƙasashe. A 1985 masana uku, Terezinha Carraher da David Carraher da Analúcia Schliemann, sun wallafa abin da suka gani a wajen yara masu sayar da kwakwa da kayan marmari a titunan Recife ta ƙasar Burazil. A wurin ciniki yaran sun ci kusan duk lissafin da aka yi musu. Da aka mayar da shi lambobi zalla a takarda, abin da suka ci bai kai kashi 40 cikin ɗari ba. Yara biyar ne kacal a binciken, saboda haka wani zai ce bai isa hujja ba. To a 2025 mujallar Nature ta buga wani da ya haɗa yara fiye da dubu masu aiki a kasuwannin Kolkata da Delhi na Indiya, cikin masu binciken har da Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019. Sakamakon bai sauya ba, sai ma ƙari mai ciwo da ya zo da shi: yaran da ba su san komai ba sai aji, masu iya lissafin takarda, su kuma lissafin kasuwa ya kayar da su. Ba talla nake wa kirari ba, illarta ga 'ya mace kowa ya sani. Amma ta nuna mana cewa kan yana aiki, makaranta ce ba ta gano ƙofar shigarsa ba.

Cikin waɗanda aikinsu ya haska dalilin haka akwai Jean Piaget, mutumin Suwizalan da ya rasu a 1980. Gwajinsa kowa na iya yin sa a tsakar gida. A zuba kunu daidai wa daida a kofi biyu iri ɗaya, yaro ya yarda ɗaya suke. A gabansa a juye ɗaya cikin kofi dogo siriri. Ɗan shekara huɗu ko biyar zai rantse na dogon kofin ya fi yawa, har ya yi kuka a kansa. Ɗan shekara bakwai ko takwas dariya zai yi, ya ce ai ba a ƙara ba, ba a rage ba. A tsakanin nan ne tunaninsa ya sami sabon ƙarfi: yana iya mayar da abu baya a zuci, ya riƙe tsawo da faɗi lokaci guda, ya jera abubuwa daga ƙarami zuwa babba. A 1961 Douglass Price-Williams ya yi irin gwajin da yaran Tibi a nan Nijeriya, da ƙasa da 'ya'yan itatuwa, ya tarar su ma a kusan shekarun suke kaiwa wannan mataki. Masanan da suka zo daga baya sun yi wa Piaget gyare-gyare, sun nuna yara ba sa hawa matakan a rana ɗaya, kuma abin da yaro ya saba taɓawa yana gaggauta masa. Amma ginshiƙin maganarsa yana nan: daga wajen shekara 7 zuwa 11, tunanin yaro yana tsayawa ne a kan abin da ya gani, ya taɓa, ya ƙirga. Ka ba shi murafen kwalba goma sha biyu ka ce ya raba wa mutum uku, zai gane rabawa. Ka fara masa da alamar rabawa a allo, sai ya haddace ta kamar sunan baƙo.

Akwai kuma ma'ajiyar wucin gadi da ƙwaƙwalwa ke riƙe abin da take aiki a kansa a daidai lokacin. Kamar tafin hannu take: in ka cika shi da gero ka ƙara, na farkon ne zai zube. Babba ma abubuwa wajen huɗu yake iya riƙewa lokaci guda, na yaro kuwa bai kai haka ba. Yanzu a dubi ɗan aji biyu da aka rubuta wa tambayar lissafi da Turanci. Yana fama da haɗa baƙaƙe, yana neman ma'anar kalmomin, yana fassara wa kansa, yana kuma leƙen dorinar da ke kan tebur. Kafin ya kai ƙarshen jimla farkonta ya gudu, lissafin kansa bai ma sami wurin zama ba. Tsoro ma wuri yake ci. Shi ya sa yaron da ya san amsa a gida yake dabarbarcewa da zarar an daka masa tsawa.

Nan ne maganar harshe ta shigo, kuma a ganina ita ce babbar matsalarmu. Rahoton Bankin Duniya da abokan aikinsa na 2022 ya kiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, kashi 89 cikin ɗari na yara 'yan shekara goma ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimce shi. Da yawansu suna zuwa makaranta kullum. Suna rera abin da malami ya rera, suna kwafe allo tsaf da kyakkyawan rubutu, amma in ka nuna kalma ɗaya a tsakiya ka ce mece ce wannan, sai a koma farkon layi a sake rerowa.

Rubutun Hausa kuwa mai sauƙin kamawa ne, domin kusan yadda ake faɗa haka ake rubutawa. Yaron da ya san b da a ba, k da i ki, ya kama hanyar karanta baki da kansa, kuma ya san abin da ya karanta. Turanci ba haka yake ba. Wani bincike da aka buga a 2003 a kan yaran ƙasashen Turai ya nuna yaran da Turanci ne harshensu na gida ma suna ɗaukar fiye da ninkin lokacin da takwarorinsu na Italiya ko Finlan ke ɗauka kafin su kama tushen karatu. Ina ga wanda bai taɓa jin harshen a gida ba? Marigayi Farfesa Aliu Babatunde Fafunwa ya gwada wannan a Ile-Ife daga 1970. An koyar da wasu yara da Yarabanci tsawon shekaru shida na firamare, Turanci yana matsayin darasi a hannun ƙwararrun malamai, kuma ba su gaza takwarorinsu ba, a fannoni da dama ma sun fi su. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara da harshen uwa ko na unguwa. A Nuwamba 2022 ministan ilimi Adamu Adamu ya sanar da faɗaɗa hakan zuwa aji shida. A Nuwamba 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke shi, ya kafa hujja da faɗuwa a jarabawar WAEC da JAMB da NECO, wadda hedikwatarta ke nan Minna. Hujjar ba ta gamsar da ni ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 bai ko gama firamare ba, balle ya faɗi NECO.

Gaskiya ne Sabon Gari ba ƙauyen harshe ɗaya ba ne. A benci guda za ka sami Banufe da Bagwari da Bayarabe da Ibo da Bahaushe, kuma wanda ya ce a koyar da kowa da harshen uwarsa a irin wannan aji bai taɓa riƙe alli ba. Amma a saurari yaran a lokacin tara: akwai harshen da suke faɗa da shiri da shi, galibi Hausa, wani lokaci Turancin buroka. Malamin da ya fara bayani da wannan harshe, yaro ya gane, sannan ya ba shi sunan abin da Turanci, bai ci amanar kowa ba. Malamai da yawa suna yin haka a ɓoye kamar masu laifi, wasu makarantun kuɗi ma tara suke cin yaron da aka kama yana Hausa, iyaye kuma suna murna.

Abin mamaki, wasu dabarun da ake kawo mana daga waje sun daɗe a zauren malam. Makarantar allo tana koya wa yaro babbaƙu tukuna, sannan farfaru. Ba a wanke masa allo sai ya biya. Kowa da inda ya tsaya, ba a ja shi gaba don shekarunsa sun kai. Wannan shi ne ruhin tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, na raba yara gwargwadon abin da suka iya maimakon ajin da suke, wanda aka gwada a Borno da Kano. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato da shirin RANA a Katsina da Zamfara su ma daga sauti da gaɓa suka faro, da Hausa. Tilawa ma haka. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna mafi yawan mantuwa tana faruwa ne jim kaɗan bayan koyo, kuma bita a rarrabe ta fi ta zama ɗaya. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke a Amurka suka nuna wanda ya rufe littafi ya jawo abu daga kansa ya fi mai maimaita karantawa tunawa bayan mako guda. Gardi ya san wannan. Inda boko ta yi kuskure shi ne ta ɗauki haddar ta bar tsarin, ta kuma kai hadda inda fahimta ake nema. Jadawalin sau biyu sau uku a haddace shi, yana rage wa kai kaya. Dalilin da ruwa ke zama tururi kuwa sai an ga murfin tukunya yana ɗiga.

Saura jiki, wanda ake yawan mantawa da shi. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12, kuma a cikin barci ne abin da aka koya da rana yake zama. A lissafa ranar yaronmu: asuba, boko, lesin, Islamiyya, aike, makarantar dare, sannan wayar uwa har sha ɗaya, ga zafin Maris da Afrilu ba wuta, a jihar da ke da madatsun lantarki na Kainji da Shiroro. Ƙarancin jini, tsutsar ciki da zazzaɓin cizon sauro mai yawan dawowa duk suna rage natsuwa, haka ma zuwa aji da cikin da ko koko bai gani ba. Wani yaron kuma allon ne ba ya gani, ko kunne ɗaya ya daɗe yana ruwa. Gubar dalma ta fi duka muni. A 2015 ta kashe yara 28 a yankin Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi, sakamakon sarrafa duwatsun zinariya, bayan ɗaruruwan da ta kashe a Zamfara a 2010. Wadda ba ta kai ga kisa ba takan dakushe ƙwaƙwalwa shiru, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu adadinta da ba ya cutarwa. Ana samunta a tsofaffin baturan mota, wasu fenti, da wasu nau'o'in kwalli.

Akwai yaran da ke da matsalar koyo ta haƙiƙa, kamar masu rikita baƙaƙe duk da kaifin basirarsu. Su ma taimako na musamman suke bukata, duka ba ya ƙara musu komai.

Saboda haka iyaye, kafin a ce kan yaro ya toshe, a gwada shi. A rubuta masa layi uku da harshen da ya fi ji, a ce ya karanta, a rufe takardar, a tambaye shi me aka ce. A ba shi wake ko murafen kwalba ya yi lissafin da ya faɗi a jarabawa. A tsayar da shi nesa da kalanda a ga ko yana ganin lambobin. In ya kasa karatun, ko yana aji biyar ne, a koma da shi kan baƙi da wasali, minti goma sha biyar kullum bayan magariba, ba bulala. Sannan a je makaranta a sami malaminsa, a bar tambayar na nawa ya zo, a tambaye shi: Malam, yaron nan yana iya karatu shi kaɗai?