Tallafin Matan da ke Riƙon 'Ya'ya Su Kaɗai a Unguwar Kanawa

Matan da ke ɗauke da nauyin 'ya'ya su kaɗai ba hali ɗaya ya kai su ga haka ba. Akwai wadda aka saka, akwai wadda mijinta ya rasu ta fita takaba ta tarar da marayu a gabanta, akwai wadda miji ya tafi ci-rani ya yi shiru, babu saki babu aike. Akwai kuma wadda ta haihu ba aure, wadda jama'a ba su cika son a ambata ba. A Unguwar Kanawa, da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa daura da tsohon mazaunin makarantar hafsoshin soja ta NDA, da dama daga cikin irin waɗannan mata suna zaune ne a ɗakin haya ko a gidan iyayensu, suna rufa wa kansu asiri da suyar ƙosai da awara, da wankau, da kitso, da aikatau. Babu wani shiri na gwamnati da aka ware musu da sunansu. Taimakon da ke akwai a warwatse yake tsakanin kotu, da al'umma, da ofisoshin gwamnati.

Haƙƙi mafi ƙarfi, wanda kuma aka fi sakaci da shi, yana wuyan uban yara. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'ar Musulunci na Kaduna ke hukunci da ita, saki ba ya sauke wa uba ciyar da 'ya'yansa da tufatar da su da samar musu wurin kwana: namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji. Riƙon yara kuwa uwa ce ta fi cancanta da shi muddin ba ta auri wani bare ba, in ta yi aure sai ya koma ga mahaifiyarta. Wadda aka yi wa sakin kome tana da haƙƙin zama a ɗakinta ana ciyar da ita har ta gama idda, mai ciki kuma har ta haihu. Abin da aka saba gani a unguwa akasin haka ne. Takardar saki na shiga hannu ake kwashe kaya, uba ya ce ko a ba shi 'ya'yansa ko kada a nemi sisinsa. Wannan magana ba ta da tushe a shari'a. Mace na iya kai ƙara da kanta gaban alƙali, kamar a kotun Magajin Gari, a yanka wa uba abin da zai riƙa bayarwa duk wata gwargwadon samunsa. Kunya ce ke hana da yawa, da gudun kada a ce ta kai uban 'ya'yanta kotu. Matsala ta biyu ita ce kuɗin da aka yanka shekarun baya ba ya sayen abin da yake saya a lokacin, balle bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kuma ba kowa ya san ana iya komawa a nemi ƙari ba. Wadda ba ta da kuɗin lauya tana iya neman ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya da aka kafa a 1976.

Matar mamaci hukuncinta daban ne. Bayan takabar wata huɗu da kwana goma, rabonta a gado shi ne tumuni, wato ɗaya bisa takwas, idan mamacin ya bar 'ya'ya, ko ɗaya bisa huɗu idan bai bari ba; in akwai kishiyoyi a cikin wannan kason za su raba. Inda ake cutar da ita shi ne jan ƙafa wajen rabon gado, a bar gida ko shago a hannun ƙanin miji shekara da shekaru da sunan riƙe wa marayu. Wadda ta haihu ba aure ita ce mafi ƙarancin gata, domin a fiƙihu ga uwa ake jingina ɗan. Sai dai sashe na 42 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi saboda yadda aka haife shi, don haka makaranta da asibiti da takardar haihuwa nasa ne kamar kowa.

Kafin a kai ga gwamnati, dangi da maƙwabta ne ke ɗaukar mafi yawan nauyin. Adashi shi ne bankin bazawara: ta zuba kullum ko mako-mako, ranar kwasarta ta biya haya ko ta ƙara jari. Sai zakka da zakkar fidda-kai da kayan azumi da ke fitowa ta masallatai, da ƙungiyoyi irin su Jama'atu Nasril Islam, mai hedikwata a Kaduna tun 1962, da FOMWAN ta mata Musulmi da aka kafa a 1985. Mata Kiristoci kuma suna da zumuntar mata a majami'unsu. Wannan taimako yana da saurin isa, amma na lokaci ne, kuma wadda ta iya faɗin damuwarta ta fi mai kawaici samu. Kano ta gwada wata hanya a 2012, lokacin da Hukumar Hisbah ƙarƙashin Sheikh Aminu Daurawa ta fara auren zawarawa da ma'aurata 100. Shirin ya rufa wa wasu asiri, sai dai bai amsa tambayar inda 'ya'yan mijin farko za su zauna ba, kuma agola ba a kowane gida yake samun wuri ba.

A ɓangaren gwamnatin jiha, akwai ma'aikatar da ke da alhakin mata da yara. Jami'an walwala na ƙananan hukumomi suna sasanta rigimar ciyarwa, su kira uba a rubuta yarjejeniya. A 2018 jihar ta kafa dokar kare yara da kuma dokar hana cin zarafi, wadda ta mayar da yin watsi da iyali ba ci ba sha laifi. A shekarar ce kuma aka yafe wa 'yan mata kuɗin makaranta har ƙarshen sakandare a makarantun gwamnati, ko da yake yunifom da littattafai da kuɗin Keke Napep suna nan a kan uwa. Ta fuskar lafiya, hukumar KADCHMA tana yi wa marasa ƙarfi rajistar inshora da kuɗin asusun kiwon lafiya na matakin farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta samar. Masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 suna cikin waɗanda ake fifitawa. Wadda aka yi wa fyaɗe ko duka tana da cibiyoyin Salama, kamar wadda ke asibitin Gwamna Awan a Kakuri.

Tallafin kuɗi na tarayya shi ne aka fi jin labarinsa, shi ne kuma aka fi yi wa mummunar fahimta. An fara shi a zamanin Buhari da naira 5,000 a wata, a Oktoban 2023 kuma gwamnatin Tinubu ta sanar da naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Zawarci ba shi ne sharaɗin samu ba. Sharaɗin shi ne sunan gida ya shiga rajistar marasa galihu ta ƙasa, wadda ake haɗawa ta hanyar zama da mutanen unguwa su nuna gidajen da suka fi talauci, sannan ma'aikata su bi gida-gida suna ɗaukar bayani. Ba a sayen fom, kuma duk saƙon WhatsApp da ya ce a turo kuɗi ko lambar sirri ta katin banki aikin 'yan damfara ne. Biyan ma ba ya zuwa a kan kari, don haka ba abin dogaro ba ne ga mai yara huɗu da kuɗin haya a gabanta.

Kusan duk waɗannan ƙofofi takarda ce ke buɗe su: lambar NIN, da asusun banki mai sunan matar kanta ba na ɗan'uwa ko tsohon miji ba, da takardar haihuwar yara daga Hukumar Ƙidaya, da takardar saki ko shaidar rasuwar miji. Da yawa ba su da ko biyu daga ciki. Masu unguwanni da limamai da malaman Islamiyyun matan aure a Unguwar Kanawa su ne suka san gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, kuma su ya kamata su tsaya a haɗa wa waɗannan mata takardunsu tun kafin ranar da masu rajista za su shigo unguwa.