Zaman Sanin Makamar Aiki a Ofishin Lauya: Ko Kwalliya Tana Biyan Kuɗin Sabulu?

Tambayar da za mu duba ita ce, ko ya kamata mai neman karatun lauya ya fara zama a ofishin wani lauya, galibi ba albashi, kafin ya sami gurbi.

Wannan al'ada ta fi ƙarfi a Amurka, inda sai mutum ya gama digirin farko sannan ya nemi makarantar lauya, ya kuma haɗa da bayanin ayyukan da ya taɓa yi. Tsarinmu dabam ne. Yaro yana shiga Tsangayar Shari'a, alal misali ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo a Zariya, da sakamakon sakandare da makin JAMB, hukumar da aka kafa a 1978. Bayan shekara 5 sai ya wuce Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1962, wadda kuma hedkwatarta ta koma Bwari a 1997. Can ma digiri ake dubawa, da adadin guraben da aka ware wa jami'arsa. Wato ba inda zaman ofis yake ƙara masa maki. Bugu da ƙari, ita kanta makarantar tana tura ɗalibanta kotuna da ofisoshin lauyoyi, kuma dole ne.

To, sai mu dubi abin da ake kashewa. Ga yaron Kakuri, ko Barnawa, ko Sabon Tasha, Babbar Kotun Jiha da akasarin manyan ofisoshin lauyoyi suna ƙetaren kogi ne, ta arewa. Kullum sai ya haye gada safe da yamma, ga kuɗin mota, ga na abinci, ga tufafin da za su dace da wurin. A gidajen da rufe masaƙu ya taɓa, musamman bayan tsayawar KTL a 2002, wannan ba ƙaramin nauyi ba ne. Babbar hasarar ma ita ce watannin da ya kamata ya yi yana bitar jarrabawa.

Duk da haka ban ce zaman banza ne ba. A nan ne yaro yake gane cewa yawancin aikin lauya rubutu ne da jira, ba zuba Turanci gaban alƙali ba. A nan kuma yake ganin abin da ya fi damuna, ni da nake malamin harshe: mai ƙara ya kawo kukansa da Hausa, a rubuta shi da Turanci, ma'ana ta zube a hannun tafinta. Amma wannan darasi ana samunsa kyauta, domin Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a yi shari'a a bainar jama'a. Kowa yana iya zama a kotun majistare mafi kusa da shi ya saurara.

Saboda haka, a ganina, wanda bai shiga jami'a ba tukuna ya riƙe kuɗinsa da littafinsa. Ɗalibin aji 3 ko 4 kuwa, wanda ya riga ya karanta dokar kwangila da ta manyan laifuffuka, mako 6 a lokacin dogon hutu zai amfane shi, muddin lauyan zai riƙa ba shi fayil ya karanta, ya kuma tafi da shi kotu.